Ranar da Dattawa Suka Cinye Alƙalaman Kawu Sabitu

Don Allah don Annabi, duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, ko ya gane ni kar ya faɗi sunana. Ko a gida, ko a islamiyya, ko wajen ɗiban ruwa. In an tambaye ku, ku ce a ƙasa kuka tsinta. Kawu Sabitu ya rantse duk wanda ya ƙara tayar da maganar alƙalaman nan sai ya kai shi gaban mai unguwa. Kuma don na ce Kawu, ba wai kawuna ba ne. Kowa ma Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Yadda aka yi na san abin da ya faru a cikin gidan kuma, katangar ce gajera. Shi ke nan.

To, shi dai Kawu Sabitu babu sana'ar da bai iya ba, sai wadda aka ba shi ya yi. Ya taɓa gyaran waya. Wayar da aka kawo ba ta jin magana, ta koma ba ta kawo wuta ma. Ya yi kiwon kifi a bahon wankin yayarsa Adda Sauda, kifin suka mutu, ya ce ruwan Bauchi ne bai karɓe su ba. A gidan Addan yake zaune, a ɗakin zaure, tun da matarsa ta tafi ganin gida ba ta ga hanyar dawowa ba.

Ana nan sai ya ga Habibatu mai lalle, wata bazawara da take yi wa amare ƙunshi a can hanyar Gubi. Ubanta shi ne Baffa Hammawa, tsohon makiyayi da ya zauna cikin gari. Baffa ba ya yawan magana. Abu biyu aka san shi da su: gemu fari tas har ƙirji, wanda yake wankewa yana tajewa kamar jariri, da asuwaki wanda ba ya barin bakinsa sai zai yi salla.

Kawu ya je ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya daɗe yana faɗi.

"Baffa, ni kaina cike yake da dabaru."

"Na ji," in ji Baffa. "Hannun fa?"

"Hannun yana jiran kan ne."

"To, Habibatu ma tana jiran hannun. Ranar da ya yi wani abu da zan riƙe in juya in ce wannan Sabitu ne ya yi shi, ka zo mu yi magana."

Ya mayar da asuwakinsa baki. An gama.

Kawu ya dawo gida yana latsa waya, sai ya faɗa kan wani Bature yana yin alƙalami da itace. Baturen ya huda guntun itace, ya zura masa wani bututun tagulla a ciki ya manne da gam, ya ɗora shi a inji yana juyawa, yana kankare shi da ƙarfe har ya zama siriri. Yana ɗauko wani abin matsi zai haɗa kayan cikin, datar Kawu ta ƙare.

"Sauran ai hankali ne," in ji Kawu.

Ya shiga cikin gida ya sami Adda Sauda tana tsince shinkafa.

"Adda, daga yau ki daina ce mini Sabitu a gaban mutane. Kamfani zan buɗe. Alƙalamin itace, aikin hannu, irin wanda manya suke sa hannu da shi."

"Allah ya taimaka. Bahona fa?"

"Wane baho?"

"Na kifi. Har yau ƙarni yake."

A daidai lokacin kuma aka yi shela cewa dattawan makiyaya da na manoman wajen Miri za su zauna su sa hannu a takardar sulhu, saboda wani burtali, wato hanyar shanu, da aka daɗe ana jayayya a kansa. Baffa Hammawa ne gaba a makiyaya. Kawu yana jin haka ya hau acaɓa sai gidan sakataren taron.

"Malam Sakatare, takarda mai daraja irin wannan, da biron 'yan makaranta za a sa mata hannu? Kowane dattijo zan ba shi alƙalaminsa. Kyauta."

"Akwai waɗanda dangwale suke yi fa."

"Babu mai dangwale a taron da alƙalamina yake. Wanda bai iya boko ba ya rubuta sunansa da ajami. Kar ka zo da biro ko ɗaya, kar ka zo da tawadar dangwale. In na ga wani biro a wurin, ka ci mutuncin kamfani."

Sakatare ya ga sauƙi ya zo masa har gida, ya ce to.

Aka zo maganar inji. Kawu ya ce ai duk abin da yake juyawa inji ne. Ya samo guntayen maɗaci wajen kafintoci, ya nufi rumfar Madam Mary mai markaɗe a bakin layi.

"Madam, aron injinki na minti kaɗan."

"Kawu, injina wake ya sani da tattasai."

"Yau zai san ilimi."

Ya kafa ƙusa a jikin ƙarfen da bel yake juyawa, ya soka itacen a kai, ya riƙe wuƙar girkin Adda da hannu biyu, ya ce a tayar. Aka ja igiya. Injin ya yi tari ya kama. Itacen ya juya, wallahi ya juya, babu mai cewa bai juya ba. Sai dai bai tsaya jiran wuƙa ba. Ya tashi sama, ya daki kwanon rumfa, ya dawo ya faɗa tsakiyar bokitin ƙullun ƙosai na wata mata da take jiran layi. Ƙullun ya tashi ya sauka a kan wanda ya fi kusa.

Madam Mary ta kashe inji. Ta dubi Kawu daga hula har takalmi.

"A soya ka ko a bar ka haka?"

Kawu ya share ido da bakin riga.

"Baturen ma haka ya fara. Ba sa nunawa ne kawai."

Washegari Adda ta tafi suna. Kafin ta kai bakin titi Kawu ya kwance kan kekenta na ɗinki, mai takawa da ƙafa, ya ajiye gefe. Ya kafa ƙusa biyu suna kallon juna, ya saƙala itace a tsakani, ya ja bel ɗin ya naɗa. Wannan kam ya yi aiki, sai dai aikin mutum biyu ne. In ƙafa tana takawa hannu ya manta, in hannu ya tuna ƙafa ta tsaya. Ya kankare da wuƙa, ya bi da fasasshen kwalba, ya goge da samfefa. Abin da ya fito kai ƙato, gindi siriri. Adda ta dawo ta ɗaga shi ta duba.

"Muciyar 'yar tsana ka yi?"

"Samfuri ne."

"Kan kekena da na gani a kan turmi shi ma samfuri ne?"

"Hutawa yake."

Sai huda. Baturen da abin huda na lantarki ya yi, kuma kafin ya kankare itacen ya huda. Kawu bayan ya gama kankarewa ya tuna. Ya ciro sifokin tsohon keke, ya sa a murhu har ya yi ja, ya riƙe itacen tsakanin gwiwoyinsa ya danna. Hayaƙi ya tashi. Sifok ya shiga ta sama, ya ga hanya ta yi nisa, ya fito ta gefe, ya shiga wandon Kawu. Kawu bai yi ihu ba. Ya dai miƙe ya zaga tsakar gida da sauri yana karanta abin da ya sawwaƙa. Maɗacin da ya saya duk haka suka ƙare, wanda bai tsage ba ya ƙone.

Ranar Juma'a ya fito daga masallaci ransa a ɓace, sai ya ga tsoho mai sayar da asuwaki ya baza kayansa a buhu. Kawu ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya juya. Miƙaƙƙe. Zagaye. Tsawon biro daidai. Ya sa farce a tsakiyar ya ji da laushi.

"Ikon Allah," in ji shi. "An riga an murza shi tun daga daji."

Ya kwashe damin gaba ɗaya. Adda ta gan shi ya shigo da shi a kafaɗa.

"Sabitu, wannan ai asuwaki ne."

"Da asuwaki ne. Yanzu alƙalami ne."

"Shi asuwakin ya sani?"

Kawu ya sauke damin. Ya kankare ɓawon sama-sama a keken ɗinki, don dai a ce ya hau inji. Sifok kuwa ya ratsa shi kamar yana ratsa rogo dafaffe.

Saura kayan ciki. Ya je kasuwar Muda Lawal ya sayo biro irin mai dannawa, kwali guda, ya zauna yana farke su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyaran kaji. Bakin ƙarfen gefe guda, maƙalin aljihu gefe guda, sifirin, wato 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan da ke dawo da baki in an danna, gefe guda, sai siririn robar nan mai tawada wadda ya sa wa suna hanji. Sifirin ba sa zama inda aka ajiye su. Ranar Adda ta tsamo biyu a miyar kuka, mijinta ya tsamo ɗaya da haƙori.

Shi bututun tagulla kuwa, wanda Baturen ya fara zurawa a cikin itace kafin komai, Kawu ya neme shi a rumfa biyu bai samu ba, ya ce a bar shi.

"Wannan na masu raunin itace ne. Itacenmu ba ya buƙatar ƙarfe a cikinsa."

Ku riƙe maganar bututun nan.

Yanzu sai a matsa bakin ƙarfen ya shiga itace ya zauna daram. Nan ne datar ta ƙare, kun tuna. Kawu ya fara da guduma. Bugu ɗaya, bakin ya lotse, itacen ya buɗe kamar furen kabewa. Ya ce ƙarfi ya yi yawa, a hankali ake so. Ya saka alƙalamin a tsakanin ƙofar zaure da bango yana turo ƙofar sannu-sannu, kunnensa a jiki yana sauraro. Adda ta dawo daga awo ta banko ƙofar da ƙafa, don hannunta da kaya.

"Wa ke nan?"

"Kamfani," in ji Kawu daga bayan ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Daga nan ya je wajen Mika'ilu mai keke napep ya ce ya ara masa jak.

"Taya ce ta yi faci, Kawu?"

"Alƙalami zan haɗa."

Mika'ilu ya kashe kekensa ya ce yau ba zai fita aiki ba, sai ya ga wannan. Suka sa jak a ƙarƙashin keken, Kawu ya tsayar da alƙalamin tsakanin kan jak da ƙarfen keke, ya kwanta rub da ciki yana ba da umarni.

"Ɗaga. Ɗaga. Ƙara. Ƙara kaɗan."

Aka ji ƙas. Suka ciro shi bai fi ɗan yatsa ba.

"Na yara ne," in ji Kawu.

Amma gaskiya dai gaskiya ce, a hankali ya gane inda ake tsayawa. Kafin la'asar ya haɗa masu yawa, kuma in ka danna baki yana fitowa, in ka ja a takarda yana rubutu. Ya bi kowanne ya ɗiga masa gam mai kama nan take, wanda ake ce wa sufa. Na ƙarshen, don jin daɗi, ya maƙala shi a bayan kunne irin na kafintoci, ya tsaya yana yi wa Mika'ilu bayanin yadda zai buɗe reshe a Jos da Gombe. Da ya gama bayani ya kai hannu zai cire. Kunnen ya biyo.

Haka ya yi kwanaki. Da shi yake alwala, da shi yake kwana, ta gefe ɗaya. Duk wanda ya tambaya ya ce talla ce.

Sai ƙyalli. Ya tambayi wani kafinta, aka ce masa kakin zuma ake gogawa. Ya samo wajen mai zuma, sabon matsa, zumar ma ba ta gama tsiyayewa ba. Ya narka ya tsoma alƙalaman ciki ɗaya-ɗaya har suka sha, ya shanya a kan tabarma. Suka yi kyau, ba ƙarya. Kafin a jima tururuwa ta yi layi. Ya ce ko ƙwari sun san abu mai daraja.

Da yamma akuyar Adda ta shigo tsakar gida tana tauna, leɓenta da harshenta shuɗi kamar an tsoma ta a marina. Aka duba tabarma, alƙalami ɗaya ya ɓace. Adda ta dubi akuya, ta dubi ƙaninta.

"Sabitu, ba ka ga wata aya a nan ba?"

"Akuya ce, Adda. Ba ta da ilimi. Dattawa zan ba wa."

Ana gobe taro ya kai wa Habibatu ɗaya ta gani. Ta fito soro hannunta duk lalle, ta karɓa da bakin mayafi, ta kai hanci.

"Malam Sabitu, ƙamshin nan na san shi."

"Ba mamaki. Irin na ƙasar waje ne."

"Wace ƙasa? Ta bakin masallaci?"

"Ki dai fara shirin kayanki."

Ta dubi kunnensa. Ta koma ciki ta ɗebo ruwan ɗumi da man kaɗanya ta ba wani yaro ya miƙo masa, ta ce ya jiƙa ya haƙura. Ya jiƙa, alƙalamin ya fita da gashi kaɗan. Kawu ya dawo gida yana cewa ko daga wannan ai an san inda zuciyarta take.

Ranar taro da hantsi aka kafa rumfa a wani fili wajen Miri. Manoma a dama, makiyaya a hagu, tebur a tsakiya da takarda a kai, mai hoto yana zagayawa. Kowane ɓangare ya ɗaure fuska. Kawu ya iso cikin babbar rigar mijin Adda, ɗauke da faranti an rufe da ƙyallen leshi.

Sakatare ya raɗa masa ya bari sai lokacin sa hannu ya raba. Kawu ya ce a'a, abin kirki tun farko ake fito da shi. Ya karɓi lasifika ya yi bayanin inji, ya yi bayanin Bature, ya yi bayanin reshen Jos da Gombe, ya ce a duk faɗin jihar nan babu mai wannan fasaha sai shi, kuma ba a koya masa ba. Sannan ya bi layi yana durƙusawa yana miƙa wa kowane dattijo nasa. Baffa Hammawa ya cire asuwakinsa ya sa a aljihu don girmamawa, ya karɓa, ya juya shi. Ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Kawu ya ga gyaɗawar nan. Ya koma gefen rumfa ya tsaya, a ransa har ya fara tunanin wanda zai yi masa waliyyi.

Aka fara jawabai. Sakatare ya karanta takardar da Turanci. Ya sake karanta ta da Hausa. Wani ya tashi ya mayar da ita Fulatanci. Wani ya ce bai yarda da inda aka ce tsamiya ba, ai ɗorawa ce, aka koma baya. Rana ta ɗaga. Dattawa suna zaune, hannu babu abin yi sai ɗan itace mai ƙamshi.

Malam Ladan, babban manoman, shi ya fara. Kawu yana kallonsa. Ya kai alƙalamin hanci. Ya sauke. Ya sake kaiwa. Ya taɓa shi da leɓe yana sauraron jawabi, idonsa a kan mai magana. Sai ya ɗan lasa. Girarsa ta ɗaga. Ya gyara zama.

Kawu ya juya hagu. Uku a makiyaya sun riga sun yi nisa, suna goga haƙoran gaba. Baffa Hammawa ya sa nasa a turmin haƙori na gefe, inda ya saba, yana taunawa a natse yana lumshe ido.

Babu wanda ya yi niyya fa. Bakin ne ya gane abinsa.

Kawu ya ɗaga hannu yana karkaɗawa, yana nuna bakinsa yana girgiza kai. Baffa ya hango shi, ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa alƙalamin ya jinjina, ya mayar baki. Kawu ya yunƙura zai je wajen lasifika, sai liman ya ce a yi salati, za a yi addu'a kafin sa hannu. Dole ya tsaya inda yake ya ɗaga hannu.

Kun tuna bututun tagulla? Da yana ciki, da haƙori ya ci karo da ƙarfe ya dawo. Babu shi. Daga itace sai hanji. Tun kafin addu'ar, Kawu yana jin ƙas, ƙas, ƙas, nan da can, ƙasa-ƙasa. Dattawa suka ji wani abu ya tsarto musu, suka sa hannu suka share baki, suka ɗaga tafuka sama, kowa idonsa a rufe.

Liman ya yi addu'a mai tsawo. Ya roƙa wa manoma, ya roƙa wa shanu. Aka ce amin. Aka shafa.

Daga goshi har gemu aka shafa.

Aka buɗe ido. Manoma suna kallon makiyaya, makiyaya suna kallon manoma, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne abin ya samu. Wani a manoma ya fara dariya yana nuna hagu, haƙoransa shuɗi. Na hagu suka gani suka kama tasu.

Malam Ladan ya leƙo ta kan tebur.

"Hammawa, me ka ci?"

"Abin da ka ci."

Malam Ladan ya dubi tafinsa. Ya dubi guntun da ya rage a hannunsa, kansa ya yi burushi. Ya sa yatsa a baki ya zaro sifirin, ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Amma da daɗi," in ji shi.

Sakatare ya tsaya da takarda a hannu.

"To jama'a, wa ke da abin rubutu?"

Babu. Shi bai zo da shi ba, an hana shi. Mai hoto ya ce shi da waya yake aiki. Kowa ya juya ya dubi Kawu.

Kawu ya gyara babbar riga. Ya zaro nasa daga aljihu, wanda ya ware don kansa, ya taka har gaban tebur.

"Ga na shugaban kamfani. Wannan ba a taɓa shi ba."

Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, ya danna. Bakin ƙarfen ya fice, hanjin ya bi shi, suka huda rumfa suka tafi. Har yau ba a gan su ba.

Wata tsohuwa daga bayan fili ta ce, "Ya tafi reshen Gombe."

Baffa Hammawa bai yi dariya ba. Ya miƙe ya zo gaban tebur. Gemun nan fari da ake labari, daga leɓe har ƙirji ya koma kamar an rina shadda. Ya tambayi sakatare ina ne wurin sunansa. Aka nuna masa. Ya fito da harshe, ya dangwala babban yatsa a kai, ya danna a takarda. Ya fito raɗau.

Malam Ladan ya biyo, shi ma ya lasa ya danna. Haka aka bi layi. Wani tsoho da bai tauna sosai ba, nasa bai fito ba, maƙwabcinsa na ɗaya ɓangaren ya shafo gemunsa ya ba shi aro. Mai hoto ya ce a matso a yi murmushi. Aka matso. Murmushin dai, da aka ga haƙora, an roƙi mai hoton ya bari.

Kawu ya ga takarda ta cika, ya ji ƙarfinsa ya dawo. Ya ɗauki lasifika.

"Jama'a, kun gani da idonku. Da ma abu uku ne a ɗaya. Alƙalami ne, asuwaki ne, kuma tawadar dangwale ce. Duk mai son sari..."

Sakatare ya zare wayar lasifikar.

Kawu bai haƙura ba. Ya bi Baffa har bakin mota ya durƙusa.

"Baffa, ka ce in hannuna ya yi abin da za ka riƙe ka juya."

"Na riƙe. Na juya. Na ci."

"To maganarmu fa?"

Baffa ya kama gemunsa ya ɗago shi ya daɗe yana kallo.

"Ranar da gemun nan ya koma fari, ka zo ka ji amsa."

Kawu ya dawo gida yana cewa an kusa, magana ta rage ta sabulu. Shi da kansa ya aika da sabulu, da lemon tsami, har da kananzir. Aka wanke, aka wanke. Gemun ya tashi daga shuɗi ya koma kalar wuyan tantabara. Kawu yana bibiya, kullum ya wuce ta ƙofar gidan ya gaida Baffa, ba fuskarsa yake kallo ba, ƙasa da ita kaɗan. Ya zo ya ce wa Adda gefen hagu ya fara haske.

Wata Juma'a ya je ya tarar da Baffa a kan buzu, gemu ja jawur. Lalle.

"Baffa, wannan kuma fa?"

"Sunna ce."

Ya mayar da asuwaki baki. Na gaske.

Kawu ya tsaya lissafi a ransa. Lalle ai yana fita, gashi yana tsirowa, farin zai dawo daga tushe. Ya jira. Duk lokacin da fari ya leƙo, kafin ya je ya dawo an sake shafawa. Rannan dai ya kasa daurewa, ya yi sallama da Habibatu. Ta fito soro da rariya a hannu tana tankaɗen garin lalle.

"Malam Sabitu, sannu da zuwa. Ya kamfani?"

"Lafiya lau. Wai ni lallen nan na Baffa, wa ke kwaɓa masa?"

"Ni."

"Yaushe zai ƙare?"

Ta buga rariyar a tafin hannu ta ci gaba da tankaɗe.

"Buhu na saya."

Yanzu dai Kawu ya ce alƙalami ba shi da kasuwa a garin nan, mutane ba su waye ba. Ya koma kallon wani Bature mai yin agogo. Adda ta sa wa kekenta kwaɗo, ta kai agogon bangon ɗakinta gidan maƙwabta.

Wanda ya manne masa a kunne kuwa, shi kaɗai ya tsira. Kar ku tambaye ni inda yake. Abin da zan ce kawai, yana rubutu lafiya lau, ga shi kuna gani, sai dai in mutum ya tsaya tunanin abin da zai rubuta gaba, ƙamshin nan yana...

Innalillahi. Ga tafiya nan a zaure, takalmin Kawu ne, shi yake jan ƙafa haka. Ni dai na roƙe ku, ba ku san ni ba. Bari in tura takardar nan ƙarƙashin tabarma in je in wanke bakina kafin ya